Riga Mai Ɓoyayyen Aljihu

A zamanin da na yi wayo a gindin keken ɗinkin mahaifina, ba a auna yaro da tef. Uwa ce za ta turo shi bakin rumfa, tela ya ɗaga kai ya dube shi, ya ɗora ɗani a kafaɗarsa, magana ta ƙare. In ya zo yanka sai ya ƙara ɗani guda a tsawo, rabi a faɗi, saboda yaro ba ya tsayawa inda aka bar shi. Rigar Sallar bana ita ce ta baɗi, a shekara ta uku kuma ta koma jikin ƙane. Haka na gani a Kano. Haka na tarar a Fort Lami lokacin da mahaifina ya kama hanyar gabas da mu, haka kuma a Umdurman inda muka daɗe har aka yi mini aure. Sai a Alƙahira da Istambul, inda fatauci ya kai maigidana ni kuma na bi shi, na ga ana yi wa yara ɗinki cif da jikinsu, na riƙa yi wa iyayen kallon marasa tattali.

Yanzu ga ni a Madina, a unguwar Ƙurban, da tsufana, ina yanka rigunan yara a kan takarda. Takardar ma ba hannu da hannu take zuwa ba. Ta waya ake sayenta, a kai shago a buga shafi-shafi, in zauna da salatif ina haɗa su har su zama hannu da kwala da gaban riga. Mutanen nan batron suke ce mata, kalmar da na fara ji a bakin Faransawa tun ina ƙarama. Rigunan da ke jikin takardun kuwa ba sabon yayi ba ne. Na da ne, na zamanin kakannin masu sayar da su. Wasu ne suka tono tsofaffin takardun, suka sake zana su yadda suke, har da rubutun gefe.

Matar ɗana ce ta fara nuna mini su. Haihuwar nan ce, iyayenta Hausawan Sudan, Hausarta rabi da rabi. Khala take ce mini, wato 'yar'uwar uwa da Larabci. Ta miƙo mini waya wata rana ta ce, “Khala, shufi, duba abin da mata suke nema wa 'ya'yansu yanzu.”

Ina dubawa na gane rigar. Kwala mai zagaye, hannu mai kumburi, ƙirji a tattare an bi shi da zare mai launi, ɗamara a ɗaure ta baya. Irinta sak wata Bafaranshiya ta taɓa kawo wa mahaifina a Fort Lami don ya ƙara mata tsawo. Kwana biyu ta yi a rumfarmu. Ina da shekara kamar takwas, duk ya juya baya sai in shafa ta, har ya kama ni ya buge mini hannu. Amma kafin nan na riga na juya cikinta na ga dabarar. A ƙasa, sama da kalmasa, an yi ninki uku a jere, ana gani kamar ado ne. In yarinya ta ƙara tsawo sai a farke ɗaya. Ashe su ma suna tunanin baɗi. Bambancin kawai, su suna ɓoye girman a cikin ninki, mu kuwa muna barin yaro ya yi iyo a cikin riga har ya cika ta.

Na ce a buga mini ɗaya in gwada. Rubutun Faransanci ne, na karanta abina. Masu zuwa da Turanci su ma ina lallaɓawa. Riga ta farko 'yar maƙwabciya na yi wa, daga nan labari ya tafi. Kafin shekara ta zagayo mata suna zuwa mini daga unguwar Khalidiyya a mota, kowace da hoton wadda take so.

Matsala ɗaya ce. Takardar da shekaru take magana: ta 'yar huɗu, ta 'yar shida, mafi girma ta 'yar takwas. Amma 'yar shida ta takarda daban, 'yar shida ta Madina daban, kuma iyayen ba sa son jigilar kawo yara gwaji. Ina buƙatar jiki mai numfashi da zan ga yadda kafaɗa ta zauna, in kwatanta sauran a kansa. A gidan kuwa akwai jikata, 'yar babban ɗana, tana da shekara shida a lokacin.

Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka bakina ba ya iya kiran sunan. Innata nake ce mata. Ita kuma in Hausa ta zo mata ta ce Kaka, in Larabci ya riga ta ce Sitti, kuma Larabcin ya fi yawan riga. Akwai wata 'yar kujerar katako a ɗakina, a kanta take tsayawa, hannu a buɗe, gwangwanin fil a tafinta, ni ina zagaya ta a durƙushe.

“Ɗaga hannu, Innata.”

“Ta'abt, Sitti.”

“Da Hausa.”

“Na gaji.”

“Dole ki gaji. Wadda ta haife ni ai ta kwana biyu a duniya. Juya, tsohuwa.”

“Ke ce tsohuwa. Haƙoranki a kofi suke kwana.”

“Nawa dai na san inda suke. Naki biyu na gaba wa kika ara wa?”

Sai ta rufe baki da hannu tana dariya, fil ya watse a ƙasa, mu bi muna tsinta da maganaɗisu.

Duk rigar da na sa mata, in na gama kafa fil, sai ta sauko ta je gaban madubi ta yi juyi don ƙasan ya buɗe. Sannan ta tambaya. Tambayar ba ta taɓa canzawa ba.

“Hada haggi? Tawa ce?”

“Ta baƙi ce. Taki tana tafe.”

Shekara biyu ina ba ta wannan amsar. Ban ɗauke ta ƙarya ba, don da gaske ina da niyya. Amma a gidan tela na tashi, inda kayan gida su ne na ƙarshe. Sau nawa muka je idi da rigar bara alhali mahaifinmu ya tufatar da rabin unguwa. Ban taɓa jin haushinsa ba, ko dai na manta na ji. Kayan Sallarta uwarta ce take sayo mata a kanti, ni kuma in ce ai ba tsirara take ba.

Abin da ya farkar da ni ƙarami ne. Wata rana a watan Rajab na sa mata wata riga ruwan ƙwai, ta sauko, ta yi juyinta a gaban madubi. Ina jiran tambayar. Sai na ji ta ce wa yarinyar da ke cikin madubin, a hankali, da irin muryata, “Ta baƙi ce.” Ta juyo ta ba ni baya in ɓalle maɓallai.

A wannan satin na mayar da mata biyu da yadinsu, na ce musu hannuna ya cika. Na baje mata takardun duka a kan gado na ce ta zaɓa. Ta daɗe tana dubawa kamar ba ta yarda ba. Ta ɗauki mafi wahala a cikinsu, mai tattara tun daga wuya har ƙugu. Muka je kasuwa ni da ita da uwarta, ta sa mai kanti ya sauko da bandir ya fi goma, ta tsaya a kan wani yadin auduga shuɗi mai haske da ƙananan furanni farare. Maɓallan ma ita ta tsince su ɗaya-ɗaya daga cikin kwalba.

A hanyar dawowa ta ja ni baya ta raɗa mini cewa tana son aljihu. Takardar ba ta da aljihu. Na ce za a yi. Ta ce ba wanda ake gani ba, na ɓoye, don yayyenta maza kada su san inda take sa goron Sallah.

“Sirri ne, Sitti. Ko Mama.”

“Ko Mama,” na ce.

Na tsaga bakinsa a ɗinkin gefe, daidai inda ɗamara take rufewa, jakar kuma na kwantar da ita tsakanin yadi da shafi, yadda ko an juya rigar ba za a gan ta ba. Bakin na kama shi da siririn ɗinki don gefen ya kwanta lafiya. Muka yi alkawari da safiyar Sallah ita da kanta za ta farke shi da ƙaramin almakashina.

Ranar yanka na sha fama da hannuna. Shekara sittin yana ƙara ɗani, sai ga shi na ce ya bi layi. Sau biyu ina ɗaga alli in mayar. A ƙarshe na yanka cif da jikinta, na bar girman a ninki uku na ƙasa yadda masu takardar suka tsara. Ita ce riga ta farko a rayuwata da na yanka wa ɗan gidanmu daidai da shi a ranar.

Tattarar ita ce aikin. Sai an ɗiga alama layi-layi a bayan yadin, a bi kowane layi da zare, a ja su tare har yadin ya taru kamar haƙoran mataji, sannan a hau kai da allura ana sarƙa zare mai launi, ninki bayan ninki. Keke ba ya yin wannan. Azumi ya kama ina kai. Tsakanin azahar da la'asar nake yi, a bakin taga, lokacin da idona ya fi gani. In ta dawo makaranta ba ta cire jaka sai ta zo ta ƙirga layin da aka ƙara. Ranar ashirin ga wata na dasa maɓalli na ƙarshe, na goge ta, na rataye a ƙofar kabad ɗina, na yafa mata farin ƙyalle. Kullum da safe sai ta shigo ta ɗaga ƙyallen, ta laluba gefen da yatsa ta ji aljihunta yana nan, ta saki.

A goman ƙarshe muka yi baƙi. Gidan Bahaushe a Madina ba ya rabuwa da baƙi, balle a azumi. Wannan karon 'yar ƙanena ce daga Kano, da 'yarta mai shekara bakwai. Sun sauka lafiya, jakarsu ɗaya ba ta sauka ba, kuma a cikinta kayan Sallar yarinyar suke. Ɗana a filin jirgi yake aiki, wajen lodin kaya, kullum zai dawo ya ce an ce gobe.

Saura kwana uku Sallah muna zaune a ɗakina bayan la'asar. 'Yar ƙanena tana ta jimamin jaka. Matar ɗana ta ce mata, “Ma fi mushkila, ba matsala, in an sha ruwa mu je kasuwa mu sayo mata.” Ina rubuta wannan ne don kada in yi wa kaina sauƙi. An riga an sami mafita, a gabana aka faɗe ta, na kuma ji.

Sai baƙuwar yarinyar, da yake yaro ba ya zama, ta ja farin ƙyallen ya zame.

Uwarta ta miƙe tsaye. “Gwaggo! Wannan aikin hannunki ne?” Ta matsa ta kama ƙirjin rigar tana dubawa. “La ilaha illallahu. Ashe Malam mahaifinku bai tafi da hannunsa ba. Wallahi Gwaggo duk Kano babu mai yin wannan.” 'Yarta kuwa ta rungume ƙasan rigar ta kwantar da kumatu a kai.

A nan ya kamata in faɗi yadda aka rene ni. Mun yi shekaru a hanya muna baƙi a garuruwan mutane. Mun kwana a zauren waɗanda ba su san sunanmu ba, mun ci tuwon da aka rage daga bakin 'ya'yan gida. Mahaifina bai manta ba, bai kuma bari mun manta ba. A gidansa in idon baƙo ya tsaya a kan abu, abin ya tashi daga namu. Na ga ya cire hula daga kansa ya bayar don an ce ta yi kyau. Na zauna a ƙasashen da in ka yaba wa mutum kaya zai ce ya gode, ya gaya maka kantin da ya saya, kuma ban ga sun zama mutanen banza ba. Amma ni ba haka aka gina ni ba.

Wannan gaskiya ne, sai dai ba ita ce gaskiyar duka ba. Sauran ita ce, yabon ya shige ni. Na hango rigar a Kano, ana juya ta a tsakar gida, ana cewa ɗinkin Gwaggon Madina ne.

“Ai tata ce,” na ce.

“A'a Gwaggo, wallahi ba haka nake nufi ba.”

“Na ce tata ce.”

“Ta 'yar gida ce fa. Dubi yadda aka yi ta. Don Allah a bar mata abinta.”

Ta yi abin da ya kamace ta, ta ƙi har sau uku. Da na yi dariya a nan na ce to shi ke nan, zan yi mata tata kafin ku tafi, babu wanda zai ga laifina. Sai na waiwaya. Innata tana tsaye a bakin ƙofa da farantin dabinon buɗa baki.

“Innata, ajiye wannan. Sauko da rigar ki ba ƙanwarki.” Sannan na juya ga baƙuwa na ƙara da abin da har yau ban san daga ina ya fito ba. “Ita ce ma ta ce mini tun jiya a ba ta, da ta ji jakarku ta ɓata.”

Da azumi a bakina na faɗi haka. A lokacin gani nake gata na yi mata, na sa ta a gaba a yabe ta. Aka kuwa yabe ta. 'Yar ƙanena ta jawo ta jiki tana cewa, “Allah ya yi miki albarka, uwata. Kai, wannan tarbiyya! Yaran yanzu wa zai yi haka?” Innata tana cikin hannunta, amma ni take kallo ta saman kafaɗa. Ba harara ba ce. Kallon mai jira ne, kamar tana jiran in ce wasa nake.

Na toshe mata ko'ina. Da ƙwace rigar na yi, da ta yi kuka, ta yi birgima, a rarrashe ta, ta huce. Amma yarinyar da ake shi wa albarka saboda kyauta ba ta da bakin kuka, in ta yi kuma ta ƙaryata kakarta a gaban baƙi. Tana da shekara takwas, ta gane wannan kafin ni. Ta ja 'yar kujerar katako zuwa gindin kabad, ta hau, ta sauko da rigar, ta miƙa da hannu biyu.

“Tafaddali,” ta ce, wato bismillah, karɓi.

Rigar ta yi wa baƙuwar tsawo da yatsa uku. Na ɗora ta a kan kujerar na durƙusa. Ban duba ba na miƙa hannu gefe yadda na saba, sai na ji an sa mini fil a tafi. Innata ce, ta ɗauko gwangwanin. Haka ta tsaya tana miƙo mini ɗaya-ɗaya har na gama kafa ninki na huɗu.

Bayan an sha ruwa ɗana ya same ni ni kaɗai. Ba mai yawan magana ba ne a gabana.

“Hajiya, da an bari mun sayo wa baƙuwar.”

“So kake a je Kano a ce an zo gidana yarinya ta yi Sallah da kayan kanti, ga ɗinki a rataye?”

“To ita wannan fa?”

“Ita 'yar gida ce. Nata ba ya ɓata.”

Ya sunkuyar da kai ya fita. Matarsa kuwa ta tashi. Ta kama hannun 'yarta suka je kasuwa, suka dawo da wata riga ruwan hoda mai ƙyalƙyali, irin wadda ake ratayewa ɗari a layi ɗaya.

Allah ya sake ba ni dama, na sake ƙi. Ranar jajibere da hantsi ɗana ya shigo da jakar da ta ɓata a kafaɗa. Aka buɗe, ga kayan Sallar baƙuwa har kala uku. 'Yar ƙanena ta ɗauko shuɗiyar rigar a ninke ta kawo mini.

“Gwaggo, ga nata sun iso. A mayar wa mai ita, don Allah.”

Na ga inuwar Innata a bakin labule, ta tsaya cak. Na gan ta sarai. Amma kunyar a ce na yi kyauta na karɓe ta fi mini nauyi a wannan lokacin.

“A gidan nan ba a yin haka,” na ce. “Mayar cikin kayanku.”

Inuwar ta wuce.

Da safiyar Sallah muka fita masallaci a ƙafa, baƙuwar tana gaba cikin shuɗi. Rigar ta yi kyau fiye da yadda na zata. Mata uku suka tsayar da mu a hanya suna tambayar wa ya ɗinka, ni kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Innata tana baya riƙe da gefen abayar uwarta. Da aka fara raba wa yara goron Sallah na lura baƙuwar a dunƙule take riƙe da nata a hannu. Na dubi Innata, ta dubi gefen rigar, ta kawar da kai. Ba ta faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba. Suka koma Kano da aljihun a rufe.

Na yi niyyar fara wata washegari. Na koma kantin, yadin ya ƙare. Na ce bari in nemi mai kama da shi, kafin in samu ɗinkin Babbar Sallah ya rufe ni. Bayan nan hazo ya fara sauko mini a ido, likita ya ce yanar ido ce, aka yi mini aiki a ɗaya, aka jira, aka yi a ɗayan. Na yi watanni ban zura zare a allura ba. Innata ce take ɗiga mini magani safe da yamma, tana riƙe mini fatar ido da yatsa tana cewa, “Kar ki motsa, tsohuwa.” Ba ta yi fushi da ni ba, ko ta yi ban gani ba. Sai dai duk ranar da na ce ta zo ta hau kujera in gwada wani abu, sai ta ce, “Indi wajib, Sitti,” wato tana da aikin makaranta. Da abin ya yi yawa uwarta ta sayo mini mutum-mutumin roba marar kai, irin na shaguna, ta ajiye a lungun ɗakina.

Sallar da ta zagayo aka turo hoto daga Kano. Baƙuwarmu ce a cikin rigar, an farke ninki biyu, ta zauna mata daidai. Waya tana zagayawa hannu-hannu ana sa albarka har ta iso ga Innata. Ta buɗe hoton da yatsu biyu, ba fuskar ta duba ba. Yarinyar tana riƙe da alewa cike da hannu, wata har tana shirin faɗuwa.

“Ba ta sani ba,” in ji Innata.

“Ba ta san me ba?” uwarta ta tambaya.

“Wala shai. Ba komai.”

Sau da yawa na ɗauki waya in gaya wa 'yar ƙanena ta duba ƙarƙashin ɗamara ta farke. Sai in ajiye. A duk alkawuran da na yi wa yarinyar nan a kan rigar, wannan kaɗai ya rage ban karya ba.

Sai da ta shiga shekara ta goma sha ɗaya na gama ta biyun. Na sami shuɗin da ya kusa, ba shi ba ne amma ya kusa. Takardar ta tsaya a 'yar takwas, don haka na shimfiɗa ta na faɗaɗa da ɗani, yadda mahaifina zai yi, awon kuma na sata daga rigar makarantarta. Tattarar ta ɗauke ni wata biyu da sabon idona. Na yi aljihun a inda yake a ta farko.

Na kira ta ɗaki na yaye farin ƙyallen. A shekarar ta fara sa abaya in za ta fita, ta yi tsawo har ta kamo kafaɗata.

“Marra hilwa, Sitti. Ta yi kyau sosai. Allah ya saka.”

Ta zura ta a kan kayan jikinta don ta faranta mini. Ta zauna mata, awona bai kuskure ba. Amma muka dubi madubi tare, muka ga abu ɗaya: doguwar yarinya mai shirin zama budurwa a cikin kwalar 'yan yaye. Ba ta yi juyi ba.

Na ce, “Innata, zauna.” Ta zauna a bakin gado. “Waccan rigar, ban tambaye ki ba. Kuma na faɗi abin da ba ki faɗa ba, a gaban mutane. Ki yafe mini.”

“Adi, Sitti.”

“Da Hausa.”

Ta yi ɗan murmushi. “Ba komai, Kaka.”

Ta cire rigar, ta shimfiɗa a gado, ta ninke ta yadda na koya mata, hannuwa ciki, kwala a sama. Yatsunta sun bi ta kan ɗamarar ba su tsaya laluben komai ba. Ta miƙo mini da hannu biyu.

“Ki ajiye a kabad. In an yi baƙi.”

Na bincika fuskarta ko zan ga gatse. Da na gani da na ji sanyi, don gatse irin namu ne ni da ita. Babu. Da zuciya ɗaya ta faɗa. Abin da na koya mata ne ta riƙe, ta kuma riƙe shi da kyau.

Rigar tana cikin kabad, an yi baƙi sun fi a ƙirga tun daga lokacin, ban nuna wa kowa ita ba. Ina ɗinki har yanzu, a jikin mutum-mutumin roba, kuma duk wadda na yanka ina barin ninki uku a ƙasa. Innata tana shigowa kullum ta gaishe ni, ta zura mini zare in ido ya gaji, wani lokaci har ta tsokane ni da maganar haƙora. Amma hawanta na ƙarshe a kan 'yar kujerar katako shi ne ranar da ta sauko da rigarta ta ba baƙuwa, kuma tun daga ranar ba ta sake tambayata ko wani abu nata ne ba.